Yadda zaka kai iyali ganin wuraren tarihin 'yan Mormon a Amurka ba tare da ka galabaitar da yara ba

Maƙwabcinmu ne ya jawo tafiyar nan. Ɗan cocin nan ne da ake cewa Mormon, mutum ne ba taba ba giya, kai ko shayi baya sha, ranar da maman yara ta haɗa masa shayi mai citta da kanumfari ya yi ta godiya yana ba da haƙuri amma ko kurɓa bai yi ba, daga nan yara suka tasa ni gaba da tambaya wai wane irin addini ne ya hana shayi. Da dogon hutun makaranta ya zo sai muka ce bari mu je mu gani da idonmu. Ga yadda muka yi, da inda muka yi daidai da inda muka sha wahalar banza. Sunayen garuruwan na bar su da rubutunsu na asali don ka iya saka su a taswirar waya.

Mataki na 1: ka san wurin su waye zaka je

Su kansu yanzu ba sa son a ce musu Mormon. Tun 2018 shugabansu na lokacin, Russell M. Nelson, ya roƙi a riƙa kiran cocin da cikakken sunansa, wato Cocin Yesu Almasihu na Tsarkakan Zamanin Ƙarshe. In ka ce Mormon ba wanda zai yi maka faɗa, murmushi kawai zasu yi su gyara maka. Wani Joseph Smith ne ya kafa cocin ranar 6 ga Afrilu 1830 a jihar New York, kuma su a wurinsu annabi ne, shugaban cocin na kowane zamani ma haka suke ɗaukarsa. Banda Baibul suna da wani littafin daban, Littafin Mormon, daga nan sunan ya samo asali.

To wannan maganar ka zauna ka yi ta da yaranka tun a gida, kar ka bari sai kun isa. In Musulmi ne kai ka san inda kuka rabu da su, in Kirista ne kai ma akwai saɓani mai yawa, don Katolika da galibin sauran coci-coci ba su yarda da littafin nan ba. Masu zagayawa da baƙi a wuraren nan duk 'yan mishan ne, ko matasa masu ɗan baƙin allon suna a ƙirji ko dattawa miji da mata da suka yi ritaya, kuma zasu ba da labarin ne a matsayin abin da suka yi imani da shi, har su ce maka sun san gaskiya ne. Yaron da aka shirya shi a gida zai saurara a matsayin tarihi, wanda ba a shirya ba a mota zai rikita ka da tambaya kana tsaka da tuƙi.

Abu ɗaya da yake ruɗa kowa: haikali daban, ɗakin ibadar Lahadi daban. Haikalin nan masu dogon tsini da kake gani a hoto ba a shiga sai ɗan coci mai takardar izini, ko shi ma ba kowa ba. Kai dai harabar da furanni da ɗaukar hoto. Ɗakin ibada na unguwa kuwa a buɗe yake ga kowa, a jikin bango ma suke rubuta cewa suna maraba da baƙi.

Mataki na 2: zaɓi, kar ka ce sai ka ga duka

Mutanen nan korarsu aka yi ta yi daga gari zuwa gari, shi ya sa tarihinsu ya warwatse. New York, sai Ohio, sai Missouri, sai Illinois, sai Utah can yamma. Daga Nauvoo ta Illinois kaɗai zuwa Salt Lake City ta Utah ya haura kilomita 2,000. Mu da zumuɗi muka ce zamu bi hanyar a mota tun daga farko, a rana ta uku autarmu ta fara kuka da zarar ta hango motar.

In kwana 4 ko 5 gare ka, yi Palmyra ta New York da Kirtland ta Ohio, ka haɗa da ruwan Niagara tunda kusan awa biyu ne daga Palmyra. In yaranka ƙanana ne kuma wuri ɗaya kawai zaka iya, Nauvoo zaka je, ban da wata shawara. Salt Lake kuma a hau jirgi, kar a tuƙa. Lokaci mafi kyau daga Yuni zuwa Agusta saboda komai a buɗe yake, sai dai zafi da cunkoso, ƙarshen Mayu ko Satumba sun fi sauƙin otal. Lokacin sanyi kam ni ban ba ka shawara ba.

Abin daɗin shi ne wuraren da cocin ke riƙe da su shiga kyauta ne. Kuɗinka a hayar mota, mai, otal da abinci zai tafi. Wasu wuraren sai ka kama gurbi ta intanet tukuna duk da kyauta ne, don haka ka leƙa shafin cocin sati biyu kafin tafiya ka duba awannin buɗewa, suna canzawa da yanayi.

Mataki na 3: kayan tafiya

Fulas da ganyen shayinka, wannan na farko, don ba za a ba ka a wurinsu ba. Kula ta ƙanƙara a bayan mota. Dambun nama ko kilishi in kana da hanyar samu a cikin ƙasar, gari, soyayyen miya, ƙaramar tukunyar shinkafa mai lantarki, don ƙauyukan nan naman alade ne a kusan komai, har cikin wake da dankali. Darduma da buta. Alƙibla a can arewa maso gabas take, kar ka yi mamaki in manhaja ta nuna maka haka, kuma a watan Yuli magariba sai wajen tara saura take yi. Kujerar yara ta mota doka ce, ka zo da taka in kana da ita ya fi araha. Man sauro, takalmin tafiya, hula. Sannan babbar hanyar New York ba a biyan kuɗin hanya da tsaba yanzu, kyamara ce ke ɗaukar lambar mota, ka tambayi masu hayar motar yadda zasu caje ka tun kafin ka karɓi makulli, mu sai bayan mun dawo muka ga lissafin.

Mataki na 4: Palmyra, inda abin ya fara

Ka sauka a Rochester, minti 30 zuwa 40 ne a mota, kuma a nan zaka samu masallaci da shagon halal, ka cika kula kafin ka fita. Wuni ɗaya ya isa Palmyra.

Fara da sassafe da gonar gidan su Smith da kurmin da ke bayanta, wanda suke kira kurmi mai tsarki. Nan suke cewa Joseph yana ɗan shekara 14 a 1820 ya shiga addu'a ya ga wahayi. Daji ne mai dogayen itatuwa da 'yan benci, shiru kamar ba kowa, mutane na zaune wasu na hawaye, don haka ka ja wa yara kunne ba wurin guje-guje bane. A shafa man sauro kafin a shiga. Daga nan tudun Cumorah, inda suke cewa mala'ika Moroni ya nuna masa allunan zinariya a 1823 ya kuma karɓe su a 1827, daga su ne suke cewa ya fassara littafinsu. Ana hawa da ƙafa ko da mota, akwai mutum-mutumi a sama. In ka ji labarin wani gagarumin wasan kwaikwayo da ake yi a tudun, an daina, na 2019 shi ne na ƙarshe.

Wurin da ya fi burge ni shi ne maɗaba'ar Grandin a tsakiyar gari, inda aka buga kwafi 5,000 na farko na littafinsu, aka gama a Maris 1830. Wani manomi Martin Harris ne ya jinginar da gonarsa kan dala 3,000 aka yi aikin. Zasu nuna wa yara yadda ake jera harafi ɗaya-ɗaya da hannu a juye, a shafa tawada, a danne, a ninke babbar takarda ta zama shafi 16. Babban ɗana da ke ƙorafin firintar gida tana ɓata masa lokaci tsit ya yi. In da sauran ƙarfi sai a wuce gonar Whitmer a Fayette inda aka kafa cocin, kamar minti 45 ne, in yara sun gaji a bar ta ba asara.

Mataki na 5: Kirtland

Kusan awa 4 ne daga Palmyra, dab da Cleveland. Nan ne haikalinsu na farko, an buɗe shi 27 ga Maris 1836, kuma shi wannan ana shiga, don yanzu wurin tarihi ne. Shekara da shekaru yana hannun wani reshe da ya ɓalle, sai a Maris 2024 babban cocin ya saye shi tare da wasu gine-gine na Nauvoo. Akwai matakala masu tsayi, mai goyo ta sani. Ƙasa da tudun da haikalin yake akwai kantin Whitney, a garin nan ne a 1833 aka fito da dokar da ta hana su giya, taba, da abin sha mai zafi wanda daga baya aka fassara da shayi da kofi. Nan yarana suka samu amsar tambayarsu. Rabin wuni ya isa.

Missouri na tsallake ta. Abin da ya kamata ka sani kawai shi ne a Oktoba 1838 gwamnan jihar, Lilburn Boggs, ya ba da umarnin a kore su ko a ƙarar da su, kuma sai 1976 aka soke umarnin a hukumance.

Mataki na 6: Nauvoo, nan zaka zauna kwana biyu

Daga Kirtland kusan awa 9 ne, ka raba shi biyu dan Allah. In ta jirgi ne, St. Louis awa 3, Chicago wajen awa 4 da rabi. Agogo na komawa baya da awa ɗaya.

Garin a gaɓar kogin Mississippi yake. Da suka zo a 1839 fadama ce, zazzaɓin cizon sauro ya yi ta kwantar da su, suka haƙa magudanai suka busar da ita, cikin 'yan shekaru mutanen garin suka kai wajen 12,000, yana gogayya da Chicago ta lokacin. Yau mazaunansa ba su wuce dubu ɗaya ba. Wato otal kaɗan ne, ka kama ɗaki da wuri musamman Yuli lokacin wasannin dare, kuma ba masallaci ba halal, abin da ke kularka shi ne gatanka.

Da ka isa ka fara zuwa cibiyar baƙi ka karɓi taswira da tikitin keken doki, kyauta ne amma yana ƙarewa da wuri. Keken na zagaya tsohon garin kuna zaune ana ba ku labari, daga nan zaka gane inda zaka koma da ƙafa. Akwai kuma amalanken shanu, mu da muka san shanun huɗa abin dariya ya ba mu ganin Turawa na layi don su taɓa sa, amma yaranmu da aka haifa a Amurka su ma layin suka bi.

Sai maƙera. Wani dattijo da gaban fata ya hura zuga-zugi, ya ciro ƙarfe jajawur ya ɗora a uwar maƙera, yana duka yana bayanin yadda aka ƙera ƙafafun keken shanu dubbai a lokacin sanyin 1845 ana shirin gudu, kafin ka ankara ya lanƙwasa ɗan ƙaramin takalmin doki ya tsoma a ruwa ya yi cuu, ya miƙa wa yarinyar da ta fi kowa nisan gida. Mu da muka ce Najeriya ai ba gardama. Kowa kuma aka ba shi zobe na ƙusa. Ni abin ya tuna min maƙeran bakin kasuwar garinmu, har ƙamshin gawayin iri ɗaya. A wurin yin bulo ma sun ba kowane iyali ɗan ƙaramin jan bulo mai tambarin garin, akwai inda yara ke tufka igiya da hannunsu, da inda ake nuna yin kyandir da gashin burodi. Waɗannan su ne abin da yara zasu tuna, ba shekarun da kake ta karanto musu ba. Kar ka shiga gidaje fiye da 4 ko 5 a wuni, duk kama suke da juna daga baya.

Maman yara kuma kantin jan bulo ne ya ja ta, don a benensa aka kafa ƙungiyar matansu ranar 17 ga Maris 1842, kuma har yau tana nan a kowane coci nasu. Haikalin da ke kan tudu sabo ne, na asalin an ƙone shi a 1848, guguwa ta ƙarasa shi, aka sake ginawa a kan tsohon fasali aka buɗe a 2002. Ba a shiga, amma ka je gabansa dab da faɗuwar rana ka kalli kogin. Da la'asar ku taka titin Parley har bakin ruwa, hanyar da suka bi suka bar garin a Fabrairu 1846 cikin tsananin sanyi, an kafa alluna a gefen hanya ɗauke da abin da mutanen suka rubuta da hannunsu.

Washegari kurkukun Carthage, rabin awa ne. Nan wasu gungun mutane da suka shafe fuska da baƙi suka kashe Joseph Smith da yayansa Hyrum ranar 27 ga Yuni 1844. Ƙofar ɗakin na nan da hujin harsashi, ga tagar da ya faɗo. In yaronka mai tsoro ne ku tsaya a ƙasa. Abin da ba lallai a tsaya a kai ba a zagayen shi ne dalilin kamun: wata jarida ce ta fito tana tona batun auren mata da yawa da ake yi a ɓoye, shi kuma yana magajin gari majalisarsa ta sa aka farfasa injin buga ta. Auren mata da yawan cocin ya sanar da daina shi a 1890, don haka kar ka je kana tsokanar mutum da mata nawa gare ka, sun gaji da wannan tambayar.

Mataki na 7: Salt Lake City

Brigham Young, wanda ya gaji Joseph Smith a shugabanci, shi ne ya jagorance su suka iso kwarin nan 24 ga Yuli 1847, har yau ranar hutu ce a Utah, da fareti da wasan wuta. Daga filin jirgi akwai jirgin ƙasa na cikin gari har kusa da dandalin haikali. Garin na kan tudu kuma iskarsa busasshiya kamar hunturu, a sha ruwa a shafa man leɓe.

Babban haikalin shekara 40 aka yi ana gina shi, 1853 zuwa 1893, da farko shanu ne ke jawo duwatsun daga wani kwazazzabo mai nisan kilomita 30 da wani abu. An rufe shi don gyara tun ƙarshen 2019, ka duba halin da ake ciki kafin ka zo. Ku shiga zauren nan mai rufi kamar kifaffen ƙwarya, na 1867, inda ake jefa allura a gaba ka ji ƙararta daga baya, da tsakar rana ana kaɗa ƙaton abin kiɗan coci, wato organ, mai bututu sama da 11,000, kyauta. Mawaƙan cocin na gwaji daren Alhamis, safiyar Lahadi kuma shirinsu na rediyo da ake yi tun 1929, amma shi wannan ba a shiga da yaro ƙasa da shekara 8. Tsallaken titi akwai ɗakin binciken asali, zasu zaunar da kai gaban kwamfuta su taya ka zana bishiyar zuriya. Mu dai takardun kakanninmu ba sa ciki, amma ya sa na kira gwaggona a waya daga nan ta lissafo min kakanni har biyar. Juma'a akwai masallacin Khadija a West Valley City, abincin halal ma ba wuya.

Tunda baƙar fata ne mu, gara ka ji daga bakina: daga zamanin Brigham Young har zuwa Yuni 1978 cocin bai ba baƙar fata muƙamin limanci ko shiga ibadar haikali ba. Bayan an ɗage ne suka shigo Najeriya da Ghana a hukumance, yanzu akwai haikali a Accra tun 2004 da Aba tun 2005. In ka tambaya cikin ladabi zasu amsa, wasu da ɗan jin kunya. Mu dai ba mu ga wulaƙanci ba, sai ma yawan tambayar ina aka ɗinka kaftanin nan.

Mataki na 8: in zaku leƙa ibadar Lahadi

Wannan ganin dama ne, ba ya cikin dole. In zaku je, a yi shiga ta mutunci, mazansu farar riga da nakatayal, kaftani da hula ko atamfa da mayafi sun wadatar. Ku zo da minti 10 ku zauna ta baya. Awa biyu ne. Ta farko kowa a zaure ɗaya, ba ganga ba rawa ba ihu, ba gicciye a bango, waƙa ce a hankali sai jawabai daga mutanen unguwa, wani lokacin har ɗan shekara 13. Bishop ɗin ma ba albashi yake karɓa ba, yana da aikinsa na daban. Ba a zagayawa da kwanon baiko, zakkarsu ta kashi 10 cikin 100 a asirce suke bayarwa. Samari zasu zagayo da tiren gutsuren burodi da 'yan kofunan ruwa, kai dai ka karɓa ka miƙa wa na kusa, ba wanda zai kalle ka, amma ka gaya wa yara tun a waje don ƙaramin yaro da ya ga burodi hannu zai kai. Kukan jarirai kuwa kar ya dame ki, nasu sun fi naki. Lahadin farkon wata azumi suke yi, kowa na tashi ya faɗi shaidarsa.

Awa ta biyu ake rabuwa aji-aji, yara a kai su nasu ajin. Ku yanke shawara kai da uwargida tun a mota ko zaku bari, don a take zasu zo da fara'a su ce a kawo su. Mu godiya muka yi muka fita bayan awa ta farko.

In aka gayyace ku cin abincin unguwa ko wasan ƙwallon kwando a zauren cocin, ku je, nan ne ma zaka san mutanen. Sai dai a tambayi abin da ke cikin kowane kwano, dankalin nan mai cuku sau da yawa da alade ake haɗa shi, wannan abin zaƙin mai rawa kala-kala da suke so kuma da gelatin ake yinsa, wanda galibi daga alade ne. Ki kai naki kwanon, dafadukarmu ko ƙwara ba ta dawo ba.

A ƙarshen kusan kowane zagaye za a miƙo maka littafi kyauta ko a nemi lambar waya. In ka bayar zasu kira, kuma zasu zo har gida su biyu. In ba ka so ka faɗa a fili cewa tarihi ka zo gani kana da addininka, kar ka yi irin kawaicinmu na "sai na duba", su a wurinsu alƙawari ne ka yi. Sannan a yi cefane tun Asabar don shaguna da yawa a Utah ba sa buɗewa Lahadi. Ranar komawa kuma bulon nan da takalmin dokin a saka su a babbar jakar da za a auna, mu a jakar hannun yarinya muka bar su, sai da aka zazzage ta tas a wurin bincike tana kuka wai za a ƙwace mata doki.